Tire Ɗaya a Zauren Alhaji

Ku duka kun tashi kuna jin gwaggonninku suna cewa uwarku ta taɓa sa kakanku Alhaji Bawa ya yini da ƙishirwa saboda gwanda da mangwaro. A wurin biki suke faɗa, suna dariya, amma dariyar iyakarta haƙori. Ban taɓa tanka musu ba, domin a lokacin waɗanda aka yi abin da su suna raye, kuma ba ni ce zan kwance wa dattijo zani a kasuwa ba. Yanzu ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka shiga zauren nan a ranar, idona kuma ya fara gajiya da rubutu. Gara in faɗa muku yadda aka yi tun ina iyawa.

Mahaifina, Baba Gado, wanda ƙanananku ba su riƙe fuskarsa ba, manomi ne kuma masunci a wani ƙauye kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, inda aka mai da su bayan ruwan Kainji ya cinye tsohon garinsu. Gidanmu kowa da hanyarsa. Wansa yana zuwa coci, ƙaninsa yana salla, shi kuwa ya tsaya a kan abin da ya tarar iyayensa suna yi, kuma duk su ukun a kwano ɗaya suke cin tuwo. Da aka kai ni Yelwan Yauri wurin ƙanin nasa don makaranta, na musulunta, aka sa mini Hauwa, bai hana ba, sai dai har ya koma ga Allah Ladi yake kirana. Da Babanku ya nemi aurena ma bai hana ba. Abin ya ɓaci ne ranar sunan 'yar'uwarku Bilkisu. Ya zo da buhun albasa da kwandon busasshen kifi, aka kai masa abinci shi kaɗai a gefe, ya ci, ya yi godiya. Da zai tafi ya leƙo cikin gida don ya yi mini sallama, sai ya ga kwanon da ya ci a ciki an ajiye shi a gindin randa, an zuba wa kaji ruwa. Kakarku Hajiya ce ta sa aka yi haka, don kada kwanon ya koma cikin kwanukan gida. Baba ya dubi kwanon, ya dube ni, ya fita. Shekaru suka wuce bai sake taka ƙofar gidan ba. In ina son ya gan ku, sai in kwashe ku mu shiga jirgin ruwa mu je.

Sai aka ba mu jihar Kebbi. Babanku malamin gona ne, yana cikin waɗanda aka ce su tattara su koma Birnin Kebbi. Murna ta cika gari, ni kuwa damuwa ce ta kama ni. Daga Yelwa zuwa Wara tafiyar da na saba ce, daga Birnin Kebbi kuwa sai an yi shiri, kuma Baba ya tsufa, ƙafarsa ta fara kumburi. Na matsa wa Babanku, shi kuma ya matsa wa Alhaji, har Alhaji ya aika wa Baba cewa ya zo a yi sallama kafin yara su tashi. Na je da kaina na ji amsa. Yana gyaran komar kamun kifi a gindin mangwaro, bai ɗago ba, ya yi mini magana da yarenmu.

"Zan zo, tunda babba ya kira. Amma ki ji, Ladi. In aka sake ware mini kwano, ni da gidan nan mun gama. Ke 'yata ce, ki zo duk ran da kika so. 'Ya'yansu kuwa ki bar musu a can, kada in sake ganinsu a ƙofata."

Na san Baba. Ba ya faɗa, ba ya rantsuwa, kuma ba ya janye magana. Duk hanyar komawa ina cikin jirgi ina lissafin abinci kamar mai shirin yaƙi. In na yi tuwo, Hajiya ce za ta raba, kuma kwano biyu za ta fitar. In na yanka kaza, miya ce, hannu zai shiga ya fito, Alhaji ba zai sa nasa ba. Kifi kuwa, a ba masunci kifi a ce an karrama shi? A nan na tuna da wani abu da malamar girki ta koya mana a kwalejin horon malamai, wanda muka yi ta yi wa dariya a lokacin muna cewa abincin matan Turawa ne: a yanka 'ya'yan itace, a jera su a babban tire tare da cuku, a ajiye wa baƙi a tsakiya. Babu yanka a ciki, babu tukunya, babu miya. Abin da ya fi mini duka, ba a raba shi. Kyansa a haɗe yake, in ka kasa shi biyu ka ɓata shi.

Bazara ce, bayan ƙaramar salla, mangwaro har ana tattake shi a kasuwa. Na sayo shi, da gwanda, da kankana daga masu lambu na bakin ruwa, da ayaba, da ɗan lemon da ya rage a kasuwa. Cukun kuma na sa wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta yi mini. Kada ku ɗauka awarar waken suya ce da kuke saye a bakin makaranta, ba kuma busasshen nan ba ne mai karya haƙori da ake kawowa daga arewa. Ɗanye ne mai laushi, da tumfafiya ake daskarar da madarar, a rina bayansa ja da karan dafi. Na zaɓe shi ne don kowa ya yarda da hannun da ya yi shi: Fulanin masu salla ne, kuma su ke kiwon 'yan shanun Baba.

Da safe na sauko da babban tiren kayan ɗakina, wanda ban taɓa sa masa ko ruwa ba, na shimfiɗa ganyen ayaba. Malamarmu ta ce launi iri ɗaya ba ya zama kusa da juna, mai ruwa ya yi nesa da cuku, tsakiya kuma ta fi gefe tudu. Na bi duk wannan, na ƙara tawa doka, wadda ita ba ta san da ita ba: kada tiren ya kasance da gaba ko baya. In na jera layi-layi, wani gefe zai zama na mai gida, wani na baƙo, an koma gidan jiya. Saboda haka zagaye na yi. Kankana a bakin tire, an yanka ta kamar ƙananan jirage. Cikinta mangwaro, na tsaga shi gida-gida na turo fatar ya buɗe. Sai ayaba da na shafa wa lemon tsami don kada ta yi baƙi, sai gwanda, sai ɓawon lemo da na cika da 'ya'yansa. Cukun na yanka fale-fale, jan baki da farin ciki, na tula shi a tsakiya, inda duk mai so sai ya miƙa hannu har wurin da hannun ɗayan zai kai. Babanku ya leƙo ya ce in soka wa kowane yanki tsinke, kamar yadda ya gani a liyafar manyan ma'aikata a Sakkwato. Na ce a'a. Baba zai gane tsinken nan tun daga ƙofa, zai ce an sa ne don kada yatsansa ya taɓa abinci.

Hajiya ta fito ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Hauwa, wanga mi na? Baƙo za ya taho tun daga Wara, ba tuwo ba miya, sai abincin birai?"

"Zahi na, Inna. Na ce su hwara da mai sanyi."

"To. Ina na baƙon?"

"Guda na, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta juya ta shige ɗaki, na ji ta saki labule da ƙarfi.

Baba ya iso da hantsi, cikin rigarsa ta saƙi da ba ya sawa sai da dalili. Aka zauna a zauren ciki, Alhaji a kan buzunsa, Baba a tabarma, Babanku a rakuɓe kusa da ƙofa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ruwa da gona da kasuwar albasa, domin Alhaji fataucin albasa da kifi ya yi duk rayuwarsa, ya san mutanenmu sarai. Na shigo da tiren. Na durƙusa na ajiye shi daidai tsakaninsu, na ja da baya. Ba yabon kai ba, ya yi kyau. Har Babanku sai da ya ɗan saki baki. Alhaji ya dubi tiren, sa'an nan ya dubi bayana, yana jiran na biyu. Da ya ga babu, sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Bismilla, Gado, ka ci. Ni azumi nika yi, Sitta Shawwal."

Ni na dama kokon Alhaji da safen nan, ni na soya ƙosansa, kuma kwanon wayam ya dawo. Babanku ya sunkuyar da kai, domin shi ya kai masa. Kalma ɗaya daga bakina za ta tona shi, amma in na faɗe ta na rushe gidan aurena, in na yi shiru kuma Baba zai tashi, ku kuma kun rasa kaka. Na tsaya a durƙushe ina jiran in ga ya jawo takalminsa. Sai Baba ya miƙe ƙafarsa mai kumburi, ya jingina da bango.

"Azumi abu na mai girma, Alhaji. Ba komi. In rana ta hwaɗi mu ci."

"A'a, kai baƙo na, ka yi tahiya. Ka ci abinka."

"Ina jira."

Aka kawo ruwa daga randa, Baba ya ce ba ya sha a gaban mai azumi. Ku tuna bazarar Yauri ce, wadda ko a inuwa mutum yake sai gumi ya jiƙa masa riga. Dattawa biyu suka zauna, ɗaya ya ɗaure kansa da maganar da ya yi, ɗaya ya kwana da shirin tafiya ya yi sammako cikin jirgi, ga tire a tsakani yana ƙamshi, ba mai taɓawa.

Abin da malamarmu ba ta koya mana ba shi ne yadda ake raya tire yini guda. An yi shi ne a ci nan take. Kafin azahar ƙudaje sun gano shi. Na jiƙa farin mayafi na rufa, ya bushe, na sake jiƙawa. Ayaba ce ta fara ba ni kunya, duk da lemon tsamin ta dusashe, na tsince ta na cike gurbinta da mangwaro. Kankana ta fara zubar da ruwa, jan ruwan yana gangarowa ta ƙarƙashin ganye yana neman cukun, sai na naɗe ganyen ayaba na yi masa shinge. Da sauƙi in ɗauki tiren in shiga ciki in gyara a natse, amma na san in ya fita zauren nan ba zai dawo ba. Don haka a gabansu nake yin komai, a durƙushe, ni da ban taɓa daɗewa a gaban Alhaji fiye da gaisuwa ba. Ina jin numfashin Baba yana nauyi, ina ganin Alhaji yana lasar leɓe.

Zan faɗi abin da ya kamata ku sani game da Alhaji, domin ban ɗauki alƙalami don in ci mutuncinsa ba. Da ya fita sallar azahar, yana iya zamansa a masallaci har Baba ya gaji. Yana iya zagayawa ta ƙofar baya ya sha ruwa, ba wanda zai sani. Hajiya ta aika masa har sau nawa cewa ya shigo ciki ya huta. Bai shiga ba. Ya dawo ya zauna a kan buzunsa, da la'asar ma haka. Mutum ne da in ya furta abu, ko a kansa zai faɗo, sai ya tsaya a ƙarƙashinsa.

Bayan la'asar Babanku ya matsa kusa da Baba ya ce jirgin Wara yana shirin tashi.

"Shi tashi," in ji Baba. "Ruwan ga tun da yac ci garinmu bai matsa ko'ina ba. Gobe ma yana nan."

A nan ne Babanku ya yi mini alama da ido, na bi shi soro. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Murya ƙasa-ƙasa yake yi, amma jijiyar wuyansa a tashe.

"Hauwa, ɗebe tiren ga. Ki ce ya lalace, ki kawo ma Baba tuwo, kowa shi huta."

"A wane kwano?"

"Ke ba ki ganin Alhaji? Hannunai rawa shikai. In tsohon ga ya hwaɗi, mi za ki ce ma mutane?"

"Nawa tsohon ma bai sha ruwa ba."

"Ni nic ce ki ɗebe shi."

"Ka yi haƙuri. Ban ɗebewa."

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ce masa a'a ido da ido ba sai ranar. Tsoro nake ji, domin gaskiya ya faɗa: in wani ya faɗi a cikinsu, a wuyana yake. Kuma wannan a'ar na biya ta. Babanku ya tafi Birnin Kebbi shi kaɗai, ya daɗe kafin ya aiko mu bi shi, kuma sai da aka haifi Nasiru sa'an nan ya koma yi mini hira kamar da. Hajiya kuwa ba ta sake cin abin da hannuna ya taɓa ba har ta rasu. In mun zo salla na aika mata da abinci, yadda na rufe kwanon haka yake dawowa. Na sha kuka a kan wannan, domin ina son matar nan, ita ta yi mini wankan jego da hannunta. Duk da haka, da za a mai da ni soron nan, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa.

Na koma zaure. Tiren ya zama abin tausayi. Gwanda ta narke na kwashe, kankana ta yi laushi na kwashe, zagayen yana ta tsukewa, ganye yana ta bayyana. Mangwaron da na ajiye ya ƙare. Cukun ya fara gumi, bakinsa yana tauri. Na tattaro abin da ya rage zuwa tsakiya, ɗan mangwaro da 'ya'yan lemo kewaye da cuku, na sake zagaye su yadda ba gaba ba baya. Da ƙarami ya zama, sai ya kasance hannu biyu ba za su shiga ba sai sun gogi juna. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya yi ja, ya hau bango. A waje na ji masu zuwa masallaci sun fara jan butoci.

Wani sabon tsoro ya kama ni. In aka kira salla, Alhaji zai iya ciro dabino daga aljihu, ya kurɓi ruwa, ya ce sai an idar, ya fita. Ya cika maganarsa ke nan, bai kuma taɓa tiren ba. Na dubi Baba, na ga shi ma abin da yake jira ya gani ke nan. Ya jawo takalminsa kusa da shi ya ajiye.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙofa. Sa'an nan ya cire hularsa, ya share gumi, ya mayar. Da ya buɗe baki, muryarsa a bushe take har sai da ya sake farawa.

"Gado."

"Alhaji."

"Ban yi azumi ba. Na sha koko da sahe."

Babanku ya runtse ido.

"Yanzu za a kira salla," in ji Alhaji. "In anka kira, sai in ɗaga hannu in ce don Shi niy yi. Kai na iya yi ma ƙarya. Shi ban iyawa."

Ya matso da buzunsa, ya ce bismilla, ya miƙa hannu tsakiyar tiren tun ladan bai buɗe baki ba, ya ɗauki cuku ya sa a baki. Da ƙyar ya haɗiye, saboda maƙogwaronsa ya bushe.

"Na sani, Alhaji," in ji Baba. "Tun da nis shigo nig ga jan goro ga haƙoranka."

"To mi yas sa ba ka hwaɗi ba?"

"Zaurenka na. Kai ad da hwaɗi."

Hawaye suka zubo mini, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Alhaji ya sake miƙa hannu, Baba ma ya miƙa nasa, baƙi, duk tsagar igiyar koma, bayan hannunsa ya gogi na Alhaji, ba wanda ya janye. Baba ya tauna a hankali, ya juyo wurina.

"Ladi, cukun ga ya yi tsami."

Ya miƙa hannu ya ƙara wani.